Kashi 75 Cikin 100: Yadda Jarrabawar Takarda Ta Shiga Horon Masu Nutso

A shekarar 1943, hafsan sojan ruwan Faransa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke bai wa mutum iska daga tukunyar da ya goya a baya, gwargwadon yadda ya shaƙa. Sunanta Aqua-Lung. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga kasuwa, kuma duk mai kuɗin saye yana iya ɗaukarta ya faɗa teku, babu malami, babu jarrabawa, balle takardar shaida.

Ba a daɗe ba aka gane cewa iya ninkaya bai isa ba, domin abin da ke kashe mai nutso sau da yawa ido ba ya ganinsa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na bakin gaɓa sau biyu. Wanda ya cika huhunsa da iska a nan, ya riƙe numfashi ya taso sama, iskar za ta kumbura har ta yi biyunta, tana iya yaga huhun. Tsoro kuwa riƙe numfashi yake sa mutum. Haka nan iskar naitirojin tana narkewa cikin jiki a zurfi, idan aka yi gaggawar fitowa sai ta zama kumfa a jini da gaɓoɓi. Tun a 1908 John Scott Haldane ya tsara wa sojan ruwan Birtaniya jadawalin tasowa a hankali, amma jadawali sai wanda ya iya karanta shi yake yi wa amfani. Darasi ne da ba a so ruwa ya koyar, saboda kuskuren farko yana iya zama na ƙarshe. Wannan ne ya sa aji da takarda suka shigo harkar.

An kafa ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, BSAC, a Landan a 1953. A Kalifoniya, Conrad Limbaugh ya tsara horo ga masu bincike a cibiyar nazarin teku ta Scripps, daga nan gundumar Los Angeles ta ɗauki tsarin ta buɗe wa jama'a a 1954. Sai CMAS a Monako a 1959, da Cousteau a matsayin shugabanta na farko, NAUI a 1960, sannan PADI, wadda John Cronin da Ralph Erickson suka kafa a 1966. Kwasa-kwasan farko suna da ƙanshin barikin soja: ninkaya mai wahala da dogon karatun kimiyya. Daga baya PADI ta rarraba karatun gunduwa-gunduwa don talaka mai hutun mako guda ya iya kammalawa, abin da wasu tsofaffin malamai suka ɗauka sassauci ne.

A yau jarrabawar ƙarshe ta matakin farko a PADI tambayoyi 50 ne, kuma ana bukatar kashi 75 cikin 100. Ke nan ɗalibi yana iya faɗuwa tambayoyi 12 ya tsallake. Sai dai ba a sallamarsa haka: wajibi ne malami ya zauna da shi su bi kowace tambayar da ya kuskure har ya fahimta, domin cikin goma sha biyun nan wata tana iya zama ta riƙe numfashi. Wanda ya gaza kuwa yana sake karatu ya sake rubutawa.

A cikin ruwa babu zancen kashi. Ɗalibi zai yi ninkayar mita 200, ya yi minti 10 yana shawagi a saman ruwa, ya yi nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa bayan atisaye a kwami. Ko dai ya iya fitar da ruwa daga tabaransa, ya lalubo abin shaƙar iska idan ya suɓuce, ya raba iska da abokin nutsonsa cikin natsuwa, ko kuma bai iya ba. Mai maki 100 da ya firgita a ƙasa ba ya samun kati.

Kwamfutar nutso, wadda ta fara yaɗuwa bayan fitowar samfurin Edge a 1983, ta ɗauke wa mutane lissafin jadawali, amma ba ta ɗauke bukatar sanin dalilin gargaɗinta ba. Shi ya sa jarrabawar ta wanzu. Katin da ake bayarwa, mai iyakar zurfin mita 18, yana ɗauke da suna da mataki da ranar kammalawa, ba a rubuta maki a kansa. Idan mai shi ya miƙa shi a shagon hayar kayan nutso, a Masar ko a Tailan, abin da aka fi tambayarsa shi ne sau nawa ya yi nutso, kuma yaushe ne rabonsa da shiga ruwa.