Daren da tankokin Rasha suka ƙone a Grozni

1/ Duk sanda aka kai hari sai in ga ana rubuta "a tura jirage kawai a gama da su". To yau ku zo in ba ku labarin ƙasar da ta fi mu jirage da tankoki nesa ba kusa ba, amma wasu 'yan tsiraru suka kunyata ta a cikin gari ɗaya. Zaren yana da ɗan tsawo, a nemi wurin zama.

2/ Checheniya ƙaramin yanki ne na Musulmi a kudancin Rasha. A 1991, lokacin da Tarayyar Sobiyet ke wargajewa, Johar Dudayev, tsohon janar na sojan sama, ya ce sun ɓalle. Ranar 11 ga Disamba 1994 Shugaba Boris Yeltsin ya tura sojoji a dawo da su.

3/ Ministan tsaro Pavel Grachev ya riga ya cika baki cewa da rejimanti ɗaya ta 'yan laima zai kama Grozni, babban birninsu, cikin awa 2. Ku riƙe wannan maganar.

4/ 31 ga Disamba, jajibirin sabuwar shekara, aka shiga garin ta ɓangarori daban-daban. Birged ta 131 daga Maikop, ƙarƙashin Kanar Ivan Savin, ta wuce sumul har tashar jirgin ƙasa da ke tsakiyar gari, kusan ba wanda ya tare ta. Suka jera motoci a bakin tasha kamar an zo ɗaurin aure.

5/ Ashe barin su aka yi su shigo.

6/ Bari in tsaya a nan, don nan ne zuciyar labarin. A Hausar da, dakare shi ne mayaƙin da ke tafiya da ƙafa, ba mai doki ba. Yau muna ce wa kowane soja "dakaru", amma asalin kalmar ke nan. Tanka a cikin gari makauniya ce, dakare ne ɗan jagoranta.

7/ Wanda ke cikin tanka ta 'yar kafa yake leƙen duniya, ga ƙarar inji ta cika masa kunne. Bakin bindigarta ba ya ɗagawa sosai ya kai saman dogon bene idan tana kusa da shi, ba ya sunkuyawa ya kai tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sulkenta a gaba yake da kauri. Sama da baya da gefe kuwa, ba haka ba.

8/ Shi ya sa a ƙa'ida sojan ƙafa ne ke yin gaba. Ya shiga gida, ya hau bene, ya duba kowane ɗaki, ya tsare mararraba, sannan ya yafito tanka. Aiki ne mai cin rai, a hankali ake yin sa, kuma ba ya kyau a bidiyo.

9/ Rasha ba ta da isassun masu wannan aikin. Motocin sulke da yawa sun shiga da direba da mai harbi, bayansu kusan wayam. Waɗanda ke ciki kuma yara ne 'yan shekara 18 zuwa 19 masu aikin soja na dole, an tattaro su daga rundunoni daban-daban, wasu ko sunan na kusa da su ba su sani ba. Taswirar kirki ma babu.

10/ Su kuwa mutanen Aslan Maskhadov, wanda tsohon kanar ne na igwa a sojan Sobiyet, sun kasu ƙananan ƙungiyoyi: mai roka RPG-7, mai bindiga mai jigida, da gwanin harbi daga ɓoye. A unguwannin aka haife su. Da yawansu sun yi aikin soja a Sobiyet, sun san inda tankar take da rauni, suna jin Rashanci, har oba-obar Rashawan suke shiga.

11/ Dabarar ba ta da wuya. A harbi motar gaba, a harbi ta baya, layi ya toshe. Sai a bi na tsakiya ɗaya bayan ɗaya daga saman benaye. Wanda ya buɗe ƙofa ya fito, mai jigida na jiran sa.

12/ Alƙaluman da aka fi ambatawa: birged ɗin ta rasa tanka 20 cikin 26, da motocin sulke 102 cikin 120. Kanar Savin ya mutu a ƙoƙarin ficewa da mutanensa. Daga baya iyaye mata suka riƙa tahowa daga garuruwan Rasha suna neman 'ya'yansu a cikin gawawwaki da fursunoni.

13/ Wanda ya ɗan tsira da mutunci shi ne Janar Lev Rokhlin, don ya ƙi yin gaggawa, ya riƙa cin gini bayan gini da sojan ƙafa. An kama fadar shugaban ƙasa ranar 19 ga Janairu 1995, bayan an yi wa garin ruwan igwa da bama-bamai, dubban fararen hula sun mutu, cikinsu har da tsofaffin Rashawa mazauna garin. Da aka ba Rokhlin lambar Gwarzon Rasha, ƙin karɓa ya yi.

14/ Wani zai ce ai dai sun ci garin. Haka ne. Riƙe shi fa?

15/ Sojan da ke tsoron garin da yake gadi, a shinge yake kwana. Ba ya sintiri, ba ya sanin mai shagon unguwa, ba mai raɗa masa komai. Ga kuma kisan fararen hula irin na ƙauyen Samashki a Afrilun 1995. A ganina ranar Samashki Rasha ta yi wa 'yan tawaye ɗaukar ma'aikata kyauta.

16/ Afrilun 1996 suka bi siginar wayar tauraron ɗan'adam ta Dudayev suka kashe shi da makami mai linzami. Fasaha ta yi aikinta, an kashe shugaba, Mosko ta yi murna.

17/ Wata 4 ba su cika ba, ranar 6 ga Agusta, mayaƙa kimanin 1,500 suka sulalo cikin Grozni da ƙafa, suka kewaye shingaye da barikoki, kowanne suka yanke shi daga ɗan'uwansa. Sojojin da ke ciki sun ninka su sau da yawa, amma kowa na kulle a inda yake.

18/ 31 ga Agusta Janar Aleksandar Lebed da Maskhadov suka sa hannu a yarjejeniyar Khasavyurt, Rasha ta kwashe sojojinta.

19/ Sun dawo a 1999, suka niƙe garin kafin su shiga, ya faɗi a Fabrairun 2000. Amma ko a nan sai da Putin ya nemo Checheniyawa su riƙe masa ƙasar da ƙafafunsu: Ahmad Kadirov, tsohon muftin 'yan tawayen, da mayaƙansa. An kashe shi da bam a filin wasa na Grozni ranar 9 ga Mayu 2004. Ɗansa Ramzan ya gaji kujerar a 2007, da mulkin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ke zargi da sace mutane da azabtarwa.