Shafin da Kowa Ke Iya Gyarawa: Daga Portland Zuwa Cikin Ganuwar Kano

A ranar 25 ga Maris, 1995, wani injiniyan manhajar kwamfuta mai suna Ward Cunningham, mazaunin Portland a jihar Oregon ta Amurka, ya buɗe wani shafi a intanet ya sa masa suna WikiWikiWeb. Ba don duniya ya yi shi ba. 'Yan sana'arsu ne, mutane ƙalilan da ke warwatse a garuruwa, suke son tara dabarun da kowa ya koya a bakin aiki su ajiye wuri guda. Sai ya sa wata 'yar mahaɗa a ƙasan kowane shafi, duk wanda ya karanta ya ga gyara zai latsa ya gyara nan take, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Ya kuma ware shafi guda da ke nuna abin da aka taɓa a 'yan kwanakin nan, don kowa ya san inda ɗan'uwansa ya sa hannu. Tushen wiki ke nan.

Da yawa sun ɗauka abin ba zai kai labari ba, tunda mai gyara da mai ɓarna hanya ɗaya suke shigowa. Amma jama'ar kaɗan ce, sun san juna, idon kowa na kan shafin, saboda haka ɓarna ba ta kwana.

Shekara biyar bayan haka, a 2000, Jimmy Wales ya kafa wani kundin sani na kyauta mai suna Nupedia, ya ɗauki Larry Sanger babban edita. Tsarinsu na masana ne zalla: maƙala sai ta bi matakai bakwai na tantancewa kafin ta fito. Har aka rufe Nupedia a 2003, maƙalolin da suka kammala ba su kai 30 ba. Tun farkon Janairun 2001 wani abokin Sanger ya ba shi labarin dabarar Cunningham, shi da Wales suka ce bari a gwada ta a gefe, ko za ta samar da ɗanyen rubutu da masana za su tace. A ranar 15 ga watan aka buɗe Wikipedia. Kafin shekara ta zagayo ta tara maƙaloli wajen 20,000.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihin ba yawan maƙalolin ba ne. Wiki na farko ba ya ajiye dukkan tsofaffin rubuce-rubuce. Da jama'a suka yi yawa a Wikipedia, waɗanda ba su san juna ba suka shigo, sai bukatar shaida ta taso. Manhajar da Magnus Manske ya rubuta, wadda aka fara aiki da ita a 2002, Lee Daniel Crocker ya sake ƙera ta, daga baya aka sa mata suna MediaWiki, ita ce ta daidaita al'amarin. Kowane gyara, ko da waƙafi ne, ana rubuta wanda ya yi shi da ranar da sa'ar. Ana iya jera tsohon rubutu da sabo a ga abin da aka cire da abin da aka ƙara, a kuma mayar da shafi yadda yake jiya da latsawa ɗaya. Kowane shafi yana da na tattaunawa a bayansa, inda ake yin gardama ba tare da an ɓata ainihin rubutun ba. Wannan ne ya sa mutum zai iya sakar wa wani aikinsa hankali kwance. Kamfanoni ma sun gane haka da wuri, suka riƙa kafa wiki na cikin gida don ma'aikatansu kaɗai. Manhajojin wiki irin su Confluence da DokuWiki duk a 2004 suka fito.

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ya zauna a zauren malami, wannan tsari ba zai zame masa baƙo ba. Ɗauko tsohuwar Risala ko Iziyya ta rubutun hannu ka duba: matani a tsakiya, gefe-gefe kuma cike da ƙananan rubutu, wani da Larabci wani da ajami, tawadar ma ba iri ɗaya ba, domin hannaye daban-daban ne suka bi ta kai a zamani daban-daban. Bambancin kawai, a can ba kasafai ake sanin wanda ya ƙara me ba.

A boko ma manyan ayyukanmu na taron dangi ne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, da taimakon malaman Hausa aka tattara shi, ko da yake sunan mutum ɗaya ne a bango. Hukumar Talifi ta Zariya, inda Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki, 'yar ƙaramar tawaga ce. Marubutan Kano na ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, da haɗa kai suka tallafi littattafan juna. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 bayan aikin shekaru masu yawa. Sai dai duk wannan a takarda ne, kuma kuskuren da ya shiga ɗab'i yana nan daram sai an sake bugu, in an sake.

Wikipedia ta Hausa ta daɗe a kwance da 'yan maƙaloli gajeru. Da wayar hannu ta yawaita, matasa 'yan sa-kai daga Kano, Kaduna, Katsina da sauran garuruwa suka haɗu a ƙungiya, suna shirya zaman horaswa da gasar rubutu, sai ta miƙe. Yanzu maƙalolinta sun kai dubun-dubata. A 2021 Hausa ta shiga cikin 'yan harsunan da aka zaɓa don ba su kulawa ta musamman a aikin kalmomi na Wikidata, rumbun bayanai ɗan'uwan Wikipedia, tare da Ibo da Dagbani daga Afirka ta Yamma.

Masu wannan aiki ba su da yawa, kuma akasari da babban yatsa suke yinsa, a kan waya, da datar aljihunsu. Matsalolinsu na yau da gobe ne. Wani allon rubutunsa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ya buɗe maƙala da k, wani ya zo ya buɗe irinta da ƙ, a wayi gari abu ɗaya yana da shafi biyu, sai an haɗe su an sa ɗaya ya riƙa turawa zuwa ɗayan. Wani kuma, don ya tara adadi a gasa, zai kwaso fassarar na'ura ya zuba ba tare da ya karanta ba, ka ga jimla kalmominta Hausa amma Bahaushe bai taɓa faɗinta ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yara suna karantawa, injinan fassara ma daga nan suke ƙara koyo. Maganinsa dai shi ne tarihin shafi: a ga wanda ya yi, a yi masa magana a shafin tattaunawa, a gyara.

Matsala mafi nauyi ita ce ta manazarta. Dokar Wikipedia ce duk abin da ka rubuta ka nuna inda aka buga shi. Ka ɗauki Yakasai, unguwa ce tsohuwa a Kano, mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Birni. Mai son rubutu kan Alhaji Tanko Yakasai ba zai sha wuya ba: gwagwarmayarsa a NEPU, kwamishinancinsa a gwamnatin Audu Bako da aikinsa da Shugaba Shagari duk suna cikin jaridu da littattafai, shi da kansa ma ya rubuta tarihin rayuwarsa. Amma mai son rubutu kan lungunan unguwar, da jerin masu unguwanni, da gidajen malamai da limaman masallatai, da sana'o'in da aka san kowane gida da su, mafi yawan abin da yake nema a bakin dattawa yake, kuma Wikipedia ba ta karɓar "na ji daga kakana".

A nan ne nake ganin ainihin dabarar Cunningham ta fi dacewa da mu. MediaWiki da DokuWiki kyauta ne, kowace ƙungiyar unguwa ko kwamitin Islamiyya na iya kafa nata, ta rufe shi ga membobinta kaɗai, ta sa dokar da ta dace da ita: a rubuta sunan dattijon da ya ba da labari da ranar da aka ji shi, in ruwayoyi biyu suka saɓa a ajiye su duka. Mutum biyar ko shida sun isa, muddin akwai ɗaya da zai riƙa leƙa sababbin sauye-sauye kowane mako. Abin da suka tace, in suka buga shi a littafi ko mujalla, shi ne zai zama manazartar da editan Wikipedia zai iya kafa hujja da ita.