Wa Ya Kashe Shi? Daga Rijiyar Damagaram Zuwa Gwajin ADN

Ranar 5 ga watan Mayu 1898 aka kashe wani kyaftin na sojan Faransa a birnin Damagaram. Sunansa Cazemajou, ni kuwa zan rubuta Kazamaju yadda harshe ya fi samun sauƙi. Ya iso cikin watan Afrilu da ƴan sojoji baƙar fata kaɗan, yana kan hanyar zuwa wajen Rabe, wanda ya ci Borno tun 1893. Sarki Ahmadu Kuran Daga yana zaune da tsoron Rabe a gabas, sai ga Nasara ya zo yana neman hanyar zuwa ya gaisa da maƙiyinsa. Aka kashe Kazamaju da tafintansa Olive, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya.

Wannan labari duk wanda ya zauna ajin tarihi a lakwal ya ji shi. Abin da ya dame ni daban ne, kuma shi nake so mu duba tare, ƴan'uwana masu karatu. Idan an kashe mutum, ta yaya ake gane wanda ya kashe shi? Su wa ake kamawa, kuma bisa wace hujja?

A zancen Kazamaju ba a tsaya wannan tambaya ba. A ƙarshen watan Yuli 1899 sojojin Faransa suka karya dawakin Damagaram a Tirmini, suka shiga birni. Sarki ya fita, aka bi shi, cikin watan Satumba aka kashe shi a Rumji. Ba alƙali, ba shaida, ba a zaunar da shi an ce kare kanka ba. Mahayan da suka faɗi a Tirmini kuwa, waɗanda yawancinsu ba su da hannu a abin da ya faru bara, su ma sun biya jinin kyaftin. Aka ciro ƙasusuwa daga rijiyar aka binne da girmamawa, aka sa wa barikin soja sunan Kazamaju. A wannan shekara babu wani likita a duniya da zai iya ɗaukar ƙashi ya auna ya ce lalle na wane ne. Ko rabe-raben jinin ɗan Adam sai a 1901 Landsteiner ya bayyana su. Hujjar da ke akwai ita ce bakin mutanen da suka nuna rijiyar.

Kuma ku dubi su wa suka zo ramuwar. Ragowar rundunar Voulet da Chanoine ce, wadda ta faɗa wa Lugu ta Sarauniya, ta ƙone Birnin Ƙwanni, ta bar gawarwaki a kan hanya. Voulet ɗin nan shi ya sa aka harbe babbansa, Kanar Klobb, a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. Faransa ta buɗe bincike, ta rufe shi a 1902, aka ɗora abin a kan wai haukan zafin ƙasarmu ne ya kama su. Dubban mutanen da aka kashe a ƙauyuka ba wanda ya tsaya gaban shari'a saboda su. A 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe kaburburan nan biyu na Maijirgi, sai aka tarar ba kowa ciki. Har yau ana cancanta zancen.

Shekara bakwai bayan Tirmini sai ga wani salon. A 1906, jim kaɗan bayan tawayen Satiru a ƙasar Sakkwato, hankalin Nasara a tashe yake. Aka kai musu labari wai Sarki Ahmadu ɗan Basa da manyan gari, har da attajirin nan Malam Yaro, suna shirin hallaka su. A nan ko gawa babu, magana ce aka kai. Aka kama su, aka tuɓe sarki aka kai shi Kodibuwa, aka bar gari a hannun Ballama, sarautar ba ta dawo ba sai 1923 da Barma Mustafa. Marigayi André Salifou, ɗan Damagaram wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi wasan kwaikwayo a kan wannan lamari, Mahamane Bakabé ya mai da shi fim a 1982. Ko makircin gaskiya ne ko sharri, ana iya muhawara. Abin da na lura shi ne mai tuhuma da mai bincike da mai hukunci duk mutum ɗaya ne, kuma shi ke riƙe da bindiga.

To, kafin Nasara fa, mu ba mu da hanya? Muna da ita, kuma ba ta wasa ba ce. Duk almajirin da ya kai babin jini a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ba a kashe rai saboda rai sai da ɗaya cikin uku: shaidu adalai, ko iƙirarin mai laifi, ko ƙasama. Ƙasama ita ce rantsuwa hamsin da mazan dangin mamaci za su yi cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Amma ba a ba su damar rantsuwar haka kawai don zuciya ta yi zafi. Sai in akwai alama mai ƙarfi, kamar shaida guda da ya ga kisan, ko mamacin kafin ya cika ya ambaci wanda jininsa ke wuyansa. Malaman Malikiyya sun yarda da wannan ta ƙarshe bisa tunanin cewa mai shirin gamuwa da Ubangijinsa da wuya ya yi ƙarya. Kana iya cewa mai mutuwa ma yana iya kuskuren fuska cikin duhu, kuma gaskiyarka. Amma ka ga dai tsarin yana neman a nuna mutum guda da suna, ba gari ba, ba ƙabila ba.

Mu a Damargu akwai ƙarin wata shaida, ita ce ƙasa. Ƙasarmu hanyar ayari ce tun da can, daga Agadas zuwa Damagaram da Kano. A nan, a Tagelel, Barth da abokan tafiyarsa biyu suka rabu a watan Janairu 1851, kowa ya kama hanyarsa. Inda raƙuma da dukiya ke ratsa daji, dole a samu fashi, inda kuma ake fashi dole a samu masu bin sawu. Har yau daga Tarka zuwa Tenhiya akwai dattawan Buzaye da Fulani da Dagira da za su dubi rairayi su gaya maka raƙumi nawa suka wuce, wanne ke ɗauke da kaya, wanne ke ɗingishi, jiya ne ko da asubar yau. Kakata takan ce in an wayi gari da sata a ƙauyensu, kafin a yi kururuwa sai wani babba ya kifa ƙwarya a kan sawun, ya ce, "Kada wanda ya taka nan." Ku riƙe wannan ƙwarya, za mu sake bukatarta.

Yanzu bari mu tsallaka zuwa Ingila, inda gwajin ƙwayar halitta, wanda a lakwal muke kira ADN, ya fara shiga shari'ar kisa. A watan Satumba 1984 wani malamin jami'ar Leicester, Alec Jeffreys, ya gano cewa a cikin ADN akwai wuraren da rubutun ke maimaita kansa, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Rabi daga uwa, rabi daga uba. In ban da tagwaye na ƙwai ɗaya, da wuya ƙwarai a samu mutum biyu da suka yi daidai a duk wuraren. A kusa da garin an yi wa ƴan mata biyu masu shekara 15 fyaɗe an kashe su, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Ƴan sanda suka kama wani yaro mai shekara 17, Richard Buckland, ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe ta biyun. Aka kai wa Jeffreys abin da aka samu a jikin ƴan matan don ya tabbatar yaron ne ya yi duka biyu. Sakamako ya fito: mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, amma ba yaron ba ne.

Ku tsaya a nan kaɗan. Aikin farko da ADN ya yi a shari'ar kisa shi ne sakin wanda ya riga ya ce ni ne. Mu da muka tashi muna jin cewa in mutum ya amsa magana ta ƙare, wannan abin tunani ne. Yaro a ɗaki shi kaɗai, awa bayan awa ana tambayarsa, tsoro da gajiya za su iya sa shi amsa abin da bai yi ba, ko ba a taɓa shi da bulala ba, bare an taɓa. Daga nan aka ɗebi jinin maza kimanin 5,000 na yankin. Mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura wani abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, sai abokin ya yi suɓul da baka a wurin hira, wata mata ta ji ta kai rahoto. Aka kama shi a 1987, gwaji ya dace da shi, aka ɗaure shi rai da rai a Janairu 1988. Ka ga ko a can injin bai kama kowa shi kaɗai ba, sai da kunnen mutane ya taimaka.

A dokar Nijar ta yau, in an tsinci gawa a daji jandarma ke zuwa, in a cikin gari ne ƴan sanda. Su duba wuri, su rubuta abin da suka gani, su kira likita ya dubi gawar, su tattara kaya su rufe da hatimi. Wanda ake zargi ana iya riƙe shi awa 48, in za a ƙara sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Laifin kisa dole ya bi ta hannun alƙali mai bincike, kuma aikinsa ya nemo abin da ke kama mutum da abin da ke wanke shi, duka biyu. Shi ke da ikon neman gwani ya auna jini ko gashi. A takarda tsarin yana da kyau, ya raba hannun da ke kamawa da hannun da ke hukunci, abin da Ahmadu ɗan Basa bai samu ba.

A ƙasa kuwa sai a hankali. Belbeji sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Daga wata rijiya a arewacin Tanut zuwa inda motar jandarma take tafiya ce mai tsawo a rairayi, daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150, daga can zuwa Yamai kusan 900. Ɗakin gwajin ADN abu ne mai tsada. Legas da duk arzikinta sai a 2017 ta buɗe nata, aka kuma ƙone shi a tarzomar Oktoba 2020. Kafin hukuma ta iso, jama'a sun kewaye gawa, an tattake sawu, wani ya ɗauki wuƙar ya jujjuya ya miƙa wa na kusa, mata sun wanke tabarma don tausayin masu gida. Addini ya ce a gaggauta sutura, rana ma ba ta jira. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, amma in an gama, abin da ya rage wa alƙali shi ne wane ya ce, wance ta ce. Sai a kwashi mutum biyar ko goma a kai gidan kaso, wasu su shekara suna jiran shari'a.

Mafi muni shi ne in ba a jira hukuma ba. Damargu tana kan iyakar noma da kiwo da dokar 1961 ta shata, duk kaka ana gogayya tsakanin gona da garke. In aka ga gawar manomi a bakin burtali, ba a cewa wa ya yi, cewa ake Fulani ne, sai a nufi rugar da ta fi kusa. A Toda ta jihar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, mutum fiye da 100 aka hallaka ta irin wannan hanya, yawancinsu mata da yara. Ni dai ban ga abin da ya raba wannan da lissafin Tirmini ba.

Shi ya sa nake ganin ƙwaryar nan ta kakata ta fi injin muhimmanci a gare mu yanzu, domin ko an kawo injin gobe, abin da aka adana kaɗai zai auna. ADN yana cikin jini da yawu da maniyyi da tushen gashi, da fatar da ke maƙalewa ƙarƙashin farcen wanda ya yi kokawa kafin ya mutu. Zafin rana da laima suna lalata shi. Rigar da ta jiƙe da jini, in aka cusa ta cikin leda a watan Afrilu, ruɓewa za ta yi. A inuwa ake busar da ita, a sa ta cikin ambulan na takarda, a rubuta wanda ya ɗauka da ranar, da duk hannun da ta bi. Kuma ko gwaji ya fito, iyakarsa ya ce jinin wane ne. Ba zai faɗi yadda jinin ya hau rigar ba, mai yiwuwa mai rigar shi ya rungumi mamacin yana neman ceto. A ƙauyukan da auren zumunci ya yi yawa, wa da ƙane da ɗan baffa suna kusa da juna a gwajin, sai an auna wurare da yawa kafin a raba su.

Ɗaukar abin da ke ƙarƙashin farce da yanke ƙyallen riga aiki ne na ƴan mintoci, ana iya gama shi tun masu haƙa kabari ba su dawo ba.