Feng shui: yadda Shinuwa ke zaɓen wurin kabari don neman arziki

Masu saurarenmu na gida da na cirani, kun sha jin kalmar feng shui a finafinan ƙasar Sin. Wasu na cewa bugun ƙasar Shinuwa ne. To, a ganinmu akwai bambanci. Mai bugun ƙasa na zana ɗigo a kan rairayi, ya fitar da gidaje 16, ya duba abin da ke tafe. Haka Arwa ta Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, inda Azna ke duba yadda damina za ta kasance. Shi kuwa feng shui, wuri yake zaɓe: inda za a gina gida, da inda za a haƙa kabari.

Ma'anar kalmar ita ce iska da ruwa. Wani littafin bizo da ake dangantawa da masani Guo Pu, wanda ya rasu a shekara ta 324, ya koyar cewa akwai wani ƙarfi mai suna ci da ke gudana cikin ƙasa. Iska na watsa shi, ruwa na tsayar da shi. Don haka kabari mai kyau a wurinsu shi ne mai dutse a baya, ruwa a gaba, yana fuskantar kudu. Masanin yakan zo da faifai mai allurar nuna arewa, luopan, ya auna wurin, ya zaɓi rana. Sun yarda cewa in ƙasusuwan kaka sun kwanta daidai, jikoki za su samu dukiya, haihuwa da muƙami. In talauci ya addabi gida, sai a tono ƙasusuwan a sake musu wuri. Da wannan ilimin aka zaɓi kwarin da ke arewa da Beijin a 1409, inda sarakuna 13 na gidan Ming ke kwance.

Kowace shekara, ranar 4 ko 5 ga Afrilu, suna bikin Qingming: a share kabari, a ajiye abinci, a ƙona kuɗin takarda don mamaci ya kashe a can. Gwamnatin kwaminis ta yaƙi al'adar, musamman tsakanin 1966 da 1976, kuma tana matsa wa mutanen birane su ƙona gawa saboda ƙarancin fili. Amma tun 2008 ranar ta zama hutu a ƙasar baki ɗaya.

Nan Tawa da ƙauyukan Adar ma kabari na da alkiblarsa: ana kwantar da mamaci a gefen dama, fuska gabas. Sai dai umarnin addini ne, babu neman sa'a a ciki. Kuma a wurinmu mamaci ne ke jiran addu'a da sadakar masu rai, ba shi ke aiko da arziki ba.

Wani abu da zai taɓa ƴan'uwanmu na Abijan, Libiya da Aljeriya: Shinuwan da suka je aikin zinariya da layin dogo a Amurka cikin shekarun 1800 sukan yi karo-karo, in ɗaya ya rasu a bizne shi, bayan ƴan shekaru a tono ƙasusuwansa a aika gida ta Hong Kong. Mu kuwa, inda ajali ya riski bawa, galibi nan ake yi masa sutura, gida a yi zaman makoki da sadakar uku.