BAYANI: Kuɗin kafin alƙalami a ƙuri'ar izinin farauta a Amurka, da waɗanda yake fitarwa daga layi

A jihohin yammacin Amurka, mallakar bindiga da lasisin farauta ba su isa su ba mutum damar harbin manyan namun daji ba. Kowace dabba sai da takardar izininta, wadda mafarauci zai ɗaura a jikinta da zarar ya kashe ta. Da yake masu nema sun ninka takardun sau da yawa, musamman na ragon dutse mai manyan ƙahoni da na elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, hukumomin kula da namun daji na jihohi kan raba su ne ta hanyar ƙuri'a sau ɗaya a shekara.

Inda jihohin suka rabu shi ne lokacin biya. Arizona da Nevada sai sunan mutum ya fito suke cire kuɗin takardar. Wyoming da New Mexico kuwa sai an zube kuɗin gaba ɗaya ranar cike fom, wanda bai dace ba a mayar masa, ban da kuɗin fom ɗin.

Ba kuɗi kaɗan ba ne ga baƙo, wato wanda ba mazaunin jihar ba (zama ne ke sa mutum ɗan jiha a can, ba asalin kakanni ba). Daga 2024, Wyoming na karɓar kimanin dala 3,000 a kan takardar ragon dutse. Ta elk kusan dala 700 ce, amma akwai layi na musamman da aka ware wa kashi 40 cikin 100 na rabon baƙi, inda farashin ya kusa dala 2,000. Mai neman elk kan biya kafin ƙarshen Janairu, sakamako kuma sai a watan Mayu. Ga mai hali, ajiya ce ta 'yan watanni. Wanda ya biya da katin bashi kuwa, kuɗin ruwa na hawa kansa a kan dabbar da mai yiwuwa ba zai taɓa samun izininta ba.

Tunda yawancin kuɗin komawa suke yi hannun masu su, babban aikin wannan ƙa'ida shi ne tankaɗe. Tana rage masu nema, wanda hakan ke ƙara wa sauran damar dacewa. Masu goyon bayanta na cewa tana korar 'yan gwada sa'a, da masu shigar da sunayen iyalansu kaf. Masu suka na cewa aljihu take aunawa, alhali a dokar Amurka namun daji amanar jama'a ce a hannun jiha.

Colorado ta gwada ɗaya hanyar. A 2018 ta soke biyan kuɗin tun farko, ta bar kuɗin fom a dala 3. Masu neman ragon dutse da akuyar dutse suka yi ambaliya, damar kowa ta ragu, waɗanda suka shafe shekaru suna tara makin jira suka yi ta ƙorafi. A 2019 hukumar jihar ta sake lale: ta wajabta sayen wani lasisi kafin shiga ƙuri'a, ta kuma sa dala 50 ga ɗan jiha da dala 100 ga baƙo a kan makin waɗannan dabbobi. An cire shingen da ake mayar da kuɗinsa, aka kafa wanda ba a mayarwa. Ga mai ƙaramin ƙarfi da zai yi shekara goma yana nema, da wuya a ce na biyun ya fi sauƙi.

Wajabta sayen lasisi na da wata riba da ba a cika ambata ba. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, gwamnatin tarayya kuma na raba kuɗin ga jihohi bisa faɗin ƙasarsu da yawan waɗanda suka sayi lasisin farauta. Kowane mai nema da aka tilasta wa sayen lasisi yana ƙara wa jihar kaso, ko da bai taɓa taka dajinta ba.

Tsawwala wa baƙi ma ya samu gindin zama a shari'a. A 1978, a ƙarar Baldwin da hukumar namun daji ta Montana, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa farautar elk don nishaɗi ba ta cikin haƙƙoƙin da dole jiha ta daidaita baƙo da ɗan gida a kansu. Jihohin sun yi amfani da damar: New Mexico ta ware wa 'yan jiha kashi 84 cikin 100 na takardunta, kashi 10 ga masu hayar jagoran farauta, kashi 6 kacal ga baƙin da za su shiga daji da kansu. Wyoming ta rage rabon baƙi a ragon dutse zuwa kashi 10 daga 2023.

Wanda ya fi kowa kuɗi ba ya ma buƙatar ƙuri'ar. Jihohi da dama kan ware 'yan takardu su yi gwanjonsu don tara kuɗin kula da dabbobin, kuma a 2013 an sayar da takardar ragon dutse guda ɗaya ta Montana a kan dala 480,000.