Filayen Jiragen Sama na Kaduna da Kewaye: Jagora ga Masu Ƙananan Jirage a Lokacin Hunturu da Hutun Ƙarshen Shekara

Gabatarwa

A ƙarshen kowace shekara zirga-zirgar ƙananan jiragen sama masu zaman kansu tana ƙaruwa, saboda bukukuwan aure, da ziyarar gida, da hutun Kirsimeti da na sabuwar shekara. Wannan lokaci kuma shi ne tsakiyar hunturu. A ƙasashen Turai ƙanƙara ce kan rufe ƙananan filaye a irin wannan lokaci, amma mu a nan hazo da ƙura ne matsalarmu. Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin matuƙa jirage, da jami'an ƙananan hukumomi masu shirya tarbar baƙi, da al'ummomin da ke maƙwabtaka da filayen. Abin da muke so a fahimta shi ne, ganin fili a taswira ba ya nufin a buɗe yake. Sai an sami izini, an san lokacin aikinsa, yanayi kuma ya ba da dama.

Filayen da muke da su

Na farko shi ne babban filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa na Kaduna, wanda ke Ƙaramar Hukumar Igabi, kimanin kilomita 22 arewa maso yamma da tsakiyar birni. An buɗe shi a shekarar 1982, kuma tsawon titinsa na sauka da tashi mita 3,000 ne. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, wato FAAN, ita ke gudanar da shi. A shekarar 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na tsawon makonni shida daga ranar 8 ga Maris domin gyaran titinsa, nan aka karkato jiragen babban birnin tarayya. Shi ne filin da ya kamata mai jirgin kansa ya fara sawa a lissafi.

Na biyu shi ne tsohon filin jirgi da ke yankin Mando, wanda yake cikin sansanin rundunar sojan sama ta Nijeriya, inda ake horar da sababbin matuƙa jiragen soja. Ko da yake ya fi kusa da gari, fili ne na soja, kuma jirgin farar hula ba ya sauka a cikinsa sai da izinin rundunar tun kafin ya taso.

Na uku shi ne filin Zariya, kimanin kilomita 80 daga Kaduna, wanda Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ke amfani da shi. An kafa kwalejin a shekarar 1964, kuma ɗalibanta suna yawan atisaye a sararin samaniyar garin. Don haka wajibi ne baƙon jirgi ya tuntuɓi hukumomin filin kafin ya doso.

Filayen da aka fi komawa gare su idan sauka ta gagara a Kaduna su ne na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Sai dai a tuna cewa idan ƙura ta sauko, takan iso Kano kafin Kaduna.

Yadda ake tabbatar da fili a buɗe yake

Hukumar kula da sararin samaniya ta ƙasa, wato NAMA, ita ke wallafa kundin bayanan filayen jiragen sama, wanda ke nuna lokutan aikin kowane fili da kayan aikin da ke cikinsa. Ita ce kuma ke fitar da sanarwar gaggawa ga matuƙa, wadda ake kira NOTAM, idan an rufe titi, ko fitilu sun lalace, ko wata na'ura ta daina aiki. Ana rubuta lokutan waɗannan sanarwoyi da agogon duniya na UTC, agogon Nijeriya kuwa yana gaba da shi da awa 1. Wanda ya manta da wannan bambanci yana iya isowa bayan an rufe.

Filaye da dama a ƙasar nan suna aiki ne daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai. A ƙarshen Disamba rana takan faɗi a Kaduna jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma, kuma hazo yakan dusashe haske tun kafin nan.

Har ila yau, ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu ranakun hutu ne na ƙasa. Ma'aikatan hasumiya da na kashe gobara suna aikin karɓa-karɓa, amma ofisoshin da ke ba da takardun izini sukan kasance a rufe. Saboda haka a kammala neman izini tun kafin hutu. Bisa ƙa'idar duniya, ana miƙa takardar tsarin tafiya aƙalla minti 60 kafin tashi. Jirgin da ya taso daga wata ƙasa kuwa, sai ya sami izinin shigowa, sannan ya fara sauka a filin da ke da jami'an kwastan da na shige da fice.

Batun mai ma abin lura ne. Manyan jirage suna amfani da kananzir na jirgi, wanda ake samu a manyan filaye, amma ƙananan jirage da yawa fetur na musamman suke sha, kuma samunsa yana da wuya a Nijeriya. Kada matuƙi ya taso sai ya tabbatar da inda zai sha mai na komawa.

Hazon hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris iska takan kaɗo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Matuƙin da ke tafiya da ganin ido yana bukatar ya iya hangen aƙalla kilomita 5 idan yana ƙasa da tsayin ƙafa 10,000. A ranar da hazo ya yi kauri, abin da ido ke iya hange yakan gaza mita 1,000. A irin wannan rana sai jirgin da ke da na'urorin sauka, da matuƙin da ke da lasisin amfani da su, kuma su ma suna da iyakar da ba sa ƙetarewa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da gargaɗin ƙura da rahoton yanayin kowane babban fili, kuma dole ne a duba shi kafin tashi.

Tarihi ya koya mana cewa tilasta sauka ba ta da amfani. A ranar 13 ga Nuwamba 1995, wani jirgin kamfanin Nigeria Airways da ya taso daga Jos ya dira can cikin titin filin Kaduna, ya zarce ƙarshensa, ya kama wuta, mutum 11 suka rasu. Muna kira ga jami'an da ke jiran baƙo da kada su matsa wa matuƙi lamba domin taro ya kusa farawa. Idan ya ce zai jira ko zai juya, aikinsa yake yi.

Haƙƙin da ke kan maƙwabtan filaye

Ga jama'ar Afaka da Mando da sauran ƙauyukan da ke kewaye da filayen, muna tunatar da abubuwa huɗu:

1. A guji ƙona daji da sharar gona kusa da fili. Hayaƙi yana ƙara wa hazo duhu, busasshiyar ciyawa kuma tana kai wuta har cikin shinge.
2. Kada a fasa shinge domin ratse ko kiwo. A watan Yuli na 2005 wani jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin filin Fatakwal.
3. Kada a kafa juji ko kwata kusa da fili, domin suna jawo shirwa da ungulu, tsuntsu ɗaya kuma yana iya kashe injin jirgi.
4. Dogon gini ko turken sadarwa yana bukatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, kafin a kafa shi.

Bugu da ƙari, shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi ba shi da ikon ba jirgi izinin sauka a filin makaranta ko a fako, kuma ba a buɗe sabon filin jirgi sai da amincewar hukumomin tarayya. Haka kuma wanda NCAA ta ba izinin amfani da jirgi domin harkokin kansa, ba a yarda ya ɗauki fasinja don kuɗi ba. A shekarar 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda wannan laifi.

Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga jama'arsu tun kafin hunturu ya kankama, kuma duk wanda ya ga wuta, ko dabbobi, ko ɓarakar shinge kusa da fili, ya gaggauta sanar da jami'an filin ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.