Kafin ka karɓi aiki: abubuwan da ya kamata a auna

Yawancin matasanmu, da an ce "ga aiki", tambayarsu ɗaya ce: jika nawa ne a wata? Tambaya ce mai kyau, amma ba ta isa ba. Aikin da ka shiga yau shi zai nuna inda za ka tsaya nan da shekara biyar ko goma. Ga abubuwan da muke ba da shawara a duba.

Takarda tukuna

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta shekarar 2012, ta san kwantiragi iri biyu: mai wa'adi, wanda ake kira CDD, da marar wa'adi, wato CDI. Na farko yana ƙarewa ranar da aka rubuta, na biyu kuwa yana ci gaba har sai ɗayanku ya raba gari bisa ƙa'ida. Ka nemi a rubuta albashi, da irin aikin, da wurin da za a yi shi. In ba ka karanta Faransanci, kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Albashi da abin da ke saura

Tun watan Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jika 42 ne na sefa a wata. Amma abin lura shi ne abin da zai rage bayan haya, abinci da kuɗin kabu-kabu. Jika 100 a Yamai na iya kasa jika 70 a Tasawa ko Madawa, inda kake kwana gidanku.

A ce an ba ka aikin wata shida a jika 120, ga kuma wani na dindindin a jika 70. Na farko ya tara 720 ya tsaya. Na biyu ya kai 840 a shekara, kuma bai ƙare ba.

CNSS

Tambayi mai aikin ko zai yi maka rajista a asusun CNSS. Ana cire wani kaso daga albashinka, shi ma yana zuba nasa. Daga nan ne fansho ke fitowa, da kuɗin iyali, da diyya in ka ji rauni a bakin aiki. Ka karɓi lambarka da kanka, don akwai masu cire kuɗin amma ba su kai ba. Shekarun da ka yi ba rajista, ba sa shiga lissafi ranar tsufa.

Me za ka koya?

Wannan shi ne babba. Mai burin buɗe garejinsa ko shagon walda, gara ya yi shekara biyu wurin ƙwararren uban gida da ɗan albashi, da ya yi gadi da albashi mai tsoka ya fito hannu rabbana. Dubi waɗanda suka riga ka shiga: sun ci gaba, ko suna nan inda suke? In za ka bar aiki kuma, karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce, kuma ita za ta buɗe maka ƙofa ta gaba.

Gida da damina

In aikin zai riƙe ka lokacin shuka da noma, wa zai kama gonar? Lissafa kuɗin ƴan ƙwadago da dammunan geron da za a rasa, ka sa su a ma'auni.

Ga ƴan'uwa na waje

Ku da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, in za ku kira ƙane ya zo aiki, ku faɗa masa gaskiyar haya da maganar takardu. Duk wanda ya ce sai an biya shi kafin ya ba da aiki, ko zai riƙe fasfo, a yi nesa da shi.

Inda za a tambaya

Hukumar ANPE tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi, irin su Maradi, Damagaram da Tawa. In rigima ta taso tsakaninka da mai aiki, ofishin sufeton ƙwadago ne wurin kai kuka. Mai aikin kirki ba ya jin haushi don ka ce a ba ka kwana biyu ka yi shawara da manya.